Yadda ake shuka albasar kwaɗi daga iri har tayi fure

Duk wanda ya taso a ƙauye ko ya taɓa ratsa fadama a farkon damina ya san furen nan ko da bai san sunansa ba. Ruwan farko ko na biyu yana sauka, tun ciyawa bata rufe ƙasa ba, sai kaga wani kara mai kauri ya ɓullo da furanni manya manya a kansa, farare tas, kowane kunne da jan layi a tsakiyarsa tun daga gindi har baki. Albasar kwaɗi kenan. Masana tsirrai suna kiranta Crinum ornatum, kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai take ba, tana nan tun daga Senegal har Sudan ta gangara kudu har wajen Angola. Amma a kewayen garuruwanmu kam tana ta ƙaranci, fadamun da take fitowa wasu sun zama gonar shinkafa, wasu lambu, wasu an yanka fulotai an ɗora gini, ga maganin feshi na kashe ciyawa, ga kuma masu haƙe ta daga tushe su kai kasuwa cikin kayan gadali.

Toh in kana sonta a gidanka, dan Allah kar ka ɗauki fartanya ka je ka haƙo uwar. Albasar da kaga tayi fure ɗin nan ta shekara da shekaru a wajen, kanta yayi nisa cikin ƙasa, saiwoyinta masu kauri ne masu ruwa kuma da wuya ka fito da ita baka tsittsinka su ba, in ma ta rayu sai tayi shekara ɗaya ko biyu tana jinya bata yi fure ba, wajen da ka cirota kuma ya rasa ta kenan. Iri shine hanya. Uwa ɗaya zata baka ƙwayoyi masu yawa a damina ɗaya, ita kuma tana nan inda take.

Fara tabbatar da cewa ita ce

Tsirrai masu kai irin na albasa suna da yawa a dajinmu kuma in babu fure ganyensu yana rikita mutum. Wadda muke magana a kanta ganyenta dogaye ne masu faɗi, suna fitowa a kewaye daga wuya ɗaya, gefensu yana ɗan lanƙwashe lanƙwashe. Karan furen ba daga tsakiyar ganyen yake fitowa ba, daga gefen wuya yake ɓullowa, bashi da ganye ko ɗaya a jikinsa, furannin duk a can sama suke taruwa wuri ɗaya, kowane fure kunne 6. Akwai 'yar'uwarta Crinum distichum mai siraran ganye da suke jeruwa layi biyu hagu da dama, akwai kuma Crinum jagus mai farin fure zalla wadda tafi yawa ta kudu a wuraren da ruwa ke kwanciya. Duk waɗannan yadda zan faɗa ɗin nan haka ake shuka su, dan haka in ka dace da ɗaya daga cikinsu ba asara kayi ba. Wadda ta bambanta ita ce Pancratium, mai farin fure siriri da wani kofi a tsakiya, ita irinta baƙi ne busasshe, ana iya ajiye shi, nata tsarin daban.

Abu ɗaya da zan faɗa tun yanzu saboda yara, wannan ba albasar miya bace. A lissafin masana babban gidansu ɗaya da albasar da muke ci, Amaryllidaceae, amma ita akwai dafi a jikinta, musamman wani sinadari lycorine dake sa amai da zawo da dalalar miyau. Kai da ganye da iri duk ba'a ci. Bata da warin albasa ko kaɗan, amma yaro bai san wannan ba.

Alama da jiran iri

Aikin yana farawa ne lokacin fure, ba lokacin shuka ba. A wajen Kaduna da Jos da kudancin Bauchi inda ruwa ke sauka da wuri zaka iya ganin furen tun Afrilu zuwa Mayu, a Kano da Katsina da Zinder sai wajen Yuni. Ranar da ka ganta tana fure ka kafa mata alama, ɗan turke ko tarin duwatsu, saboda nan da wata ɗaya ciyawa ta rufe wajen gaba ɗaya, zaka zo kayi ta zagaye baka ganta ba alhali tana gab da ƙafarka. In a gonar wani take ka nemi mai gonar ka gaya mishi, ka roƙe shi in yazo noma ya bar maka karan. Yawanci ba'a hanawa. In kuma cikin gandun gwamnati ne irinsu Yankari ko Falgore ko Kamuku, nan ba'a ɗibar komai sai da izinin hukuma, ka nemi taka a waje.

Furen da yamma yake buɗewa, yayi ƙamshi cikin dare, kuma wasu malam-buɗe-littafin dare masu dogon baki su ke zuwa shan zaƙinsa suna kwasar garin fure daga wannan zuwa wancan. A inda tsiron yake da yawa basa buƙatarka. Amma in guda biyu ko uku ne kawai suka rage a wajen, ko ana yawan feshi a gonakin kusa, ka taimaka musu da hannu. Da magariba ko da sassafe ka duba cikin furen zaka ga zare 6 masu ɗan kai a lanƙwashe, su ne masu garin, sai zare ɗaya da yafi su tsawo wanda bakinsa yake da ɗan danƙo. Ka shafo garin da auduga ko gashin kaza daga furen wata uwar, ka goga a bakin dogon zaren na wata uwar daban. Shikenan. Haɗa uwa biyu daban yafi bada iri mai yawa da 'ya'ya masu ƙwari akan a shafa mata nata.

Bayan furen ya yanƙwane kar ka tsinke shi. Gindinsa zai fara kumbura ya zama kwanso, yana girma yana yin ƙulu ƙulu saboda ƙwayoyin dake ciki, nauyinsu ya rinjayi karan har ya kwanta a ƙasa. Mutane da yawa in sunga karan ya kwanta sai su ɗauka ya lalace, a'a haka tsarinta yake, tana sauke 'ya'yanta ne nesa kaɗan da gindinta. Daga fure zuwa nuna ka lissafa kamar sati 4 zuwa 6. Alamar nuna ita ce fatar kwanson tayi siririya tayi laushi ta fara yagewa da kanta. Kar kayi gaggawar ɓare shi yana ɗanye shar, ƙwayar da bata ƙosa ba ruɓewa take. In kana tsoron kar su zube ruwa ya tafi da su, dan suna yawo a saman ruwa, ka ɗaura wa kwanson ɗan yankin tsohon gidan sauro, iska na shiga kuma ko ya fashe suna ciki.

In kazo ɗiba kar ka kwashe duka. Ni a ganina in ka ɗauki kashi ɗaya cikin uku ka bar sauran a wajen kayi adalci, kai ka samu, fadamar ma ta samu.

Irin nan baya jira

Nan ne mafi yawan masu gwadawa suke faɗuwa, dan haka bari in tsaya a kai. Mu mun saba da irin gero da dawa da wake da kuɓewa, a shanya ya bushe a zuba a tulu ko jarka sai baɗi. Irin albasar kwaɗi in kayi mishi haka ka kashe shi. In ka buɗe kwanson ba zaka ga ƙananan ƙwayoyi busassu ba, zaka ga wasu dunƙulallun abubuwa masu tsoka kamar ƙananan dankalin turawa da suka yi kore, wasu zagaye wasu masu kusurwa saboda matsewar da suka yi wa juna, kuma cike suke da ruwa da abinci. Ƙwayar a raye take tana aiki tun daga ranar da ta faɗo, bata yin barcin da sauran iri ke yi. Ko a kan tebur ka ajiye ta babu ƙasa babu ɗigon ruwa zata tsira da ruwan jikinta, in bata samu ƙasa ba ta cinye guzurinta ta mutu.

Ba ita kaɗai ke da wannan halin ba, goro da kaɗanya da ƙwallon mangwaro duk haka suke, shi yasa masu renon mangwaro basa ajiye ƙwallo ya kwana biyu. Hatta babban rumbun irin tsirran daji na lambun Kew a Ingila, wanda aka buɗe a shekarar 2000, yadda suke yi shine su busar da iri sannan su adana shi cikin sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, kuma irin wannan nau'in baya jure wannan hanyar. Ma'ana tsiro irin wannan hanyar da tafi sauƙi a adana shi ita ce a shuka shi yana raye, a gida ko a lambu.

Saboda haka kar ka shanya, kar ka sa a firiza, kar ka ƙulle a leda ya gumu. Ka haɗa ƙasarka da mazubinka tun kafin kaje ɗiba, ka shuka cikin kwana biyu uku, in ya daɗe sati ɗaya.

Mazubi da ƙasa

Zurfi ake nema ba faɗi ba. Tsohon bokitin fenti, jarka mai lita 20 ko 25 da aka yanke samanta, tukunyar ƙasa, ko baƙar ledar reno doguwa, duk sunyi in dai zurfin ya kai santimita 25 zuwa 30. In jarkar ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ka barta. Ka huda gindin sosai, rami 6 ko 8 masu faɗin da ɗan yatsa zai shiga, ka ɗora mazubin kan bulo ko duwatsu yadda ruwa zai fita kuma gara bata samu hanya ba. Tukunyar ƙasa tafi min roba saboda bata ɗaukar zafi, baƙar roba in rana ta doke ta a bazara tana dafa saiwa.

Wani zai ce ai a fadama take fitowa bari in ɗebo laka. Kar kayi. Laka a fili daban, laka a cikin bokiti daban, a bokiti tana riƙe ruwa ta toshe iska, in ta bushe kuma ta ƙame ta tsage ta tsinka saiwar jariran. Haɗin da yake aiki shine kwano 2 na ƙasar gona mai laushi, kwano 1 na yashin rafi mai tsakuwa tsakuwa, kwano 1 na taki da ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa. Takin shanu ko na awaki wanda ya shekara shi ake so, wanda in ka damƙa baka jin ɗumi baka jin wari. Ɗanyen kashin kaji kam ko kusa, ƙone su zai yi. Ka tankaɗe takin da rariya dan ka fitar da gwazarma, in kana da garin gawayi ka watsa hannu ɗaya ko biyu a ciki yana taimakawa wajen sakin ruwa. Ka gwada haɗin kafin ka shuka, ka jiƙa shi ka dunƙula a hannu, in ya dunƙulu amma kana taɓa shi da yatsa ya wargaje toh yayi, in ya zauna daram ka ƙara yashi.

Ka cika mazubin ka bar kamar yatsa uku daga baki, ka zuba ruwa har ya fito ta ƙasa, ka barshi ya kwana ƙasar ta zauna.

Shukar kanta

Ba'a binne shi. Wannan shine abu na biyu da ake kuskurewa, hannu ya saba da tona rami a rufe. Ka ɗora ƙwayar a saman ƙasa ka danna ta a hankali har rabinta ko kashi ɗaya cikin uku ya shiga, sauran yana waje yana ganin haske. Koren dake jikinta ba ado bane, tana amfani da haske. In ka binne ta cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar damina yawanci ruɓewa take kafin ta tsira. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya ka bar santimita 6 zuwa 8, bokitin fenti ɗaya zai ɗauki 6 ko 7 ba takura. Kafin ka dasa ka latsa kowace ɗaya, mai tauri ita ce lafiyayya, wadda tayi laushi ko tayi baƙin tabo mai ruwa ka jefar kar ta shafa wa sauran.

Ba sai ka damu da ina ne sama ina ne ƙasa ba, ta ko'ina tsiron ya fito zai lanƙwaso ya nemi ƙasa da kansa. In kuma ta riga ta tsira a hanya ko a cikin kwanso, wanda yana faruwa sosai, sai ka huda ɗan rami da tsinke ka saka farin tsiron a ciki a hankali, ƙwayar tana kwance a sama. Yana karyewa da sauƙi kuma in ya karye shikenan, dan haka a bi shi sannu.

Daga 'yan kwanaki zuwa sati 3 ko 4 zaka ga wani farin abu mai kauri ya fito daga jikin ƙwayar ya soka kai cikin ƙasa. Kowa saiwa yake ce mishi amma ba saiwa bace tukuna, bututu ne da yake ɗauke da ɗan tsiron a bakinsa, yana kai shi ƙasa ya ajiye. A can ƙarƙashi bakin zai kumbura ya zama 'yar mitsitsiyar albasa, saiwar gaske ta fito ta ƙasanta, sannan daga baya siririn ganye ɗaya ya huda ƙasa ya fito. Duk abincin dake cikin ƙwayar ta wannan bututun yake gangarawa zuwa 'yar albasar, shi yasa zaka ga ƙwayar tana motsewa tana yanƙwanewa kullum. Kar ka cire ta dan tayi muni, kuma kar ka tona kaga me ake ciki. Ka barta har ta bushe ta zama fanko ta rabu da kanta. Wani lokacin sai kayi sati biyu uku bayan farin abun ya shiga ƙasa baka ga ganye ba, babu komai, aiki ake a ƙasa.

Wajen ajiya a wannan lokacin inuwa mai haske, ƙarƙashin bishiya mara duhu ko gefen rumfa inda hantsi ke taɓawa amma ranar tsaka bata dukansu. Kuma kar ka ajiye a inda ruwan indararo ke zuba, ruwan Agusta ɗaya ya isa ya watsar da su. Kaji ma matsala ne, suna ganin kore a saman ƙasa zasu tona, ka kifa tsohon kwando ko ka rufa waya.

Ban ruwa da rani na farko

A damina sau da yawa sama ta ɗauke maka aikin. In an kwana biyu ba ruwa ka soka yatsa, in gaɓa ɗaya ta bushe ka basu, in da danshi ka bari. Ka zuba a gefe a hankali ba a kan ƙwayar ba. Ganye ya kai biyu sai ka fara matsar da su wajen rana kaɗan kaɗan.

Taki a shekarar farko ba'a cika shi. Wanda ka haɗa a ƙasar ya isa wata biyu na farko, bayan nan ka jiƙa ruɓaɓɓen taki a bokiti ya kwana biyu ka tace, ka sirka har yayi ruwan shayi mara kauri ka basu sau ɗaya a sati biyu ko uku. In takin zamani ne NPK 15-15-15, ƙaramin cokali ɗaya a lita 4 ko 5 na ruwa, kuma a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yuriya zalla ka barta, ganye zata tura maka mai laushi albasar kuma bata ƙaru ba, ga jawo tsutsa.

Yanzu ga inda ake rabuwa. Babbar albasar kwaɗi a daji in kaka ta wuce ganyenta bushewa yake, ta kwanta a ƙasa duk hunturu da bazara sai ruwa ya dawo. Amma jaririyar da aka shuka a Yuli ko Agusta, zuwa Nuwamba kanta bai wuce girman ƙwayar gyaɗa zuwa yatsa ba, bata tara abin da zata yi wata 6 ko 7 a busasshiyar ƙasa cikin roba ba. Dan haka a ranin farko kar ka yanke musu ruwa gaba ɗaya. Ka rage dai, kamar sau ɗaya a sati lokacin sanyi, ka kare su daga iskar hunturu ta bayan katanga. In sun riƙe ganyensu kore madalla, girma suke kuma ka rage wa kanka jira. In kuma ganyen yayi rawaya ya kwanta duk da haka, kar ka ɗauka sun mutu ka zubar da ƙasar, kuma kar ka ƙara ruwa wai dan su farfaɗo, nan ne ake ruɓar da su. Ka mayar da bokitin inuwa ka riƙa yayyafa kaɗan duk kwana 10 zuwa sati biyu yadda saiwar ba zata ƙone ba. Watan Maris da Afrilu su ne masu haɗari, zafin nan in ya haɗu da roba a rana ko ya haɗu da ruwa da yawa, duka biyun kisa ne.

Tsutsar da zaka yi yaƙi da ita

Akuya bata cika damunta ba, fara takan ɗan ci ganye, dodon koɗi ma haka a wuri mai laima, waɗannan duk da sauƙi. Babbar abokiyar gaba wata tsutsa ce baƙa mai ɗigo ɗigon fari da rawaya, masana suna ce mata Brithys crini, kuma dangin wannan tsiron kawai take bi. Uwarta da dare take zuwa ta jera ƙwai a bayan ganye, in sun ƙyanƙyashe ƙananan basa tsayawa a waje, shiga suke cikin tsokar ganyen suna ci daga ciki suna gangarawa, ganyen ya zama kamar an zuba mishi ruwan zafi, fata kawai ta rage, in ba'a tare su ba har cikin albasar suke shiga su cinye zuciyarta. Babbar albasa takan tsira ta sake toho, amma jaririya kwana kaɗan ne an gama da ita, kuma bokiti guda suke tashi da shi.

Maganinta na farko ido ne. A damina duk kwana biyu ka ɗaga ganye ka duba bayansa, kaga tarin ƙananan ƙwai ka murje su. Kaga wani yanki na ganye yayi haske haske da baƙin kashi a ciki, ka yanke ganyen daga ƙasan inda ɓarnar ta tsaya ka ƙone shi, kar ka yar a gefe zasu dawo. Manyan da suka fito fili ka tsince su da hannu. Ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa ya kwana, a tace a sa ɗan sabulu a fesa da yamma, yana rage su in ana maimaitawa duk sati tun basu shiga ciki ba. Maganin ƙwari na kanti irin mai cypermethrin yana kashe wadda ya taɓa amma wadda ta riga ta shige cikin ganye bai cika kai mata ba, kuma in lokacin fure ne kana fesawa kana kashe masu yi maka barbara, ni ban cika son shi ba sai in abu ya ɓaci.

Zaka kuma riƙa ganin jan tabo a ganye ko a wuya. Dangin nan duk inda suka ji ciwo ja yake yi, dan haka ɗan ja kaɗan ba abin tashin hankali bane. In dai tabon yana faɗaɗa yana cin ganye toh cutar laima ce, ka cire ganyen, ka daina jiƙa su ta sama, ka basu wajen da iska ke wucewa.

Dashe da shekarun jira

Ka barsu a bokitinsu na farko har farkon damina ta biyu, basa son a riƙa taɓa musu saiwa. In ruwa ya zauna, ka jiƙa bokitin sosai ka kifa shi gaba ɗaya ƙasar ta fito a dunƙule, sannan ka raba su da yatsu kana lallaɓa fararen saiwoyin. Zaka lura sun nutse ƙasa fiye da inda suka fara, saiwarsu ce take janyo su ciki. Kowace ɗaya ta samu nata mazubin mai zurfi, ko kuma ka kai su ƙasa kai tsaye wanda shi yafi, dan a ƙasa sun fi saurin girma nesa ba kusa ba. Ka tona rami mai zurfin kamu ɗaya ka haɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, ka baza saiwar kar ka cusa ta a naɗe, albasar ta shige ƙasa duka wuyanta yana daidai da saman ƙasa. Tsakaninsu santimita 50 zuwa 60 saboda in sun girma ganyen yana baje wa sosai. Wurin da ke samun ranar safe har zuwa azahar kuma yake riƙe danshi a damina, irin gefen da ruwan tsakar gida ke bi ya wuce, shi suka fi so, banda inda ruwan wanki da omo ke kwanciya. Ka zaɓi wajen da kyau tun farko dan ba'a so a sake tashinsu.

Daga rani na biyu zuwa sama ka bar su suyi barcinsu yadda suke yi a daji. Ganye ya fara rawaya a kaka ka janye ruwa, kar ka yanke shi yana kore dan da shi albasar ke tara abincin furen gaba, sai ya bushe ka cire. Na ƙasa basa buƙatar komai har damina, ka dai kafa alama kar a taka ko a tona, na cikin roba kuma ɗan yayyafi sau ɗaya a wata a inuwa. Farkon kowace damina ka zuba musu taki a kewaye ba a kan wuya ba.

Fure kam sai anyi haƙuri, daga iri ka sa rai shekara 3 zuwa 5, wadda ke cikin ƙaramin mazubi ko inuwa mai yawa tana iya wuce haka. In albasa ta girma ganye yayi kyau amma shekara na zagayowa babu fure, ka duba abu uku, ko rana bata isarta, ko kana bata ruwa duk rani bata huta ba, ko an cika tashinta daga wuri zuwa wuri. In ta fara kuma duk shekara ne, har ta riƙa fitar da 'ya'ya a gefenta waɗanda zaka iya rabawa a farkon damina in sun yi saiwar kansu.

Duk lokacin da kayi aiki da ita, musamman in ka yanki ganye ko ka raba albasa, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci ko ka taɓa ido, ruwanta yana sa wasu ƙaiƙayi. Albasar da ka tono kar ta kwana a kicin ko kusa da buhun albasar miya.

In naka sun fara bada iri kuma wani daga nesa ya roƙa, ka tsinka ranar da motar zata tashi ba kafin nan ba, ka naɗe kowace ƙwaya a takarda busasshiya, ka jera a ƙaramin kwali da ka huda wa ramuka, banda leda banda ruwa. Ka rubuta a jikin kwalin cewa ba na ci bane, ka roƙi direba kar ya sa a but ko kusa da zafin inji, sannan ka kira wanda zai karɓa ka gaya mishi ya haɗa ƙasarsa tun kafin saƙon ya iso, kuma ya ɗora a sama kar ya binne.